Huji biyu kacal muke roƙo

Waɗanda suka ga hoton yatsana jiya sun san zancen: ni bahago ne, kuma wuƙar aljihu mai naɗewa da na saya ce ta yanke ni. Mai shagon ya rantse min cewa wuƙar "ta kowane hannu ce". Ta iso, na juya ta gaba da baya, ƙarfen da ake maƙala ta da shi a bakin aljihu yana ɗaure gefe guda, ɗaya gefen ƙotar sumul kamar goshin jariri. Ko alamar huji babu. Na koma masa, wai "Alhaji ai sai ka sa ta a aljihun dama." Madalla da wannan hikima. Shekara arba'in ina bahago, ashe jira nake mai shago ya koya min inda zan sa hannuna.

Ga abin da na-dama ba sa ganewa. Wuƙar da ake maƙalawa tsini sama, in tana aljihun dama, ruwanta yana jingine da ɗinkin bayan aljihu, ba ta da hanyar buɗewa. Ka ɗauki wannan wuƙar ka maida ta aljihun hagu ba ka sauya ƙarfen ba, ruwan ya juyo yana kallon cikin aljihu. Ta ɗan buɗe kaɗan, ka zura hannu neman makullin mota, shi ke nan. Abin da ya same ni ke nan, ba sakaci ba ne kamar yadda wasu malaman Facebook suka yanke hukunci.

Kuma maganin fa? Huji biyu a ɗaya gefen, a kwance noti a mayar. Huji biyu! Kamfanin Spyderco da ya fara saka wa wuƙa wannan ƙarfen tun 1981 a Amurka, yau wuƙarsu Delica 4 wuri huɗu take da shi na ɗaura ƙarfen: hagu, dama, tsini sama, tsini ƙasa. Kamfanin Benchmade suna da sakatar Axis, mai riƙe ruwan wuƙa in an buɗe ta, da ake ja daga kowane gefe. Kamfanin Chris Reeve ma yana ƙera wuƙar Sebenza ta bahagwai zalla. To in waɗannan sun iya, me ya hana sauran? Ba fasaha ce ta gagare su ba, ba su ƙidaya mu cikin mutane ba ne kawai. Kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne a duniya, amma a huda ƙota sau biyu ya zama aiki.

Wani ya ce ai mun saba, mu ci gaba da haƙuri. Gaskiya ne mun saba. Mun saba tura sakatar cikin ƙota, irin wadda maƙerin wuƙaƙe Michael Walker ya fito da ita, da ɗan yatsa a karkace kamar mai cire ƙaya, domin an yi ta ne don babban yatsan dama. Sabo da wahala bai maida ta daidai ba. Wani kuma ya ce in sayi wuƙar Opinel ko Okapi in huta, tunda ba su da ƙarfen ma gaba ɗaya. Ina da su, suna yanka rake lafiya lau. Amma ni ba shawara na nema ba, huji biyu na nema.

Ban ƙi a ci abinci da dama ba, da ita nake ci, da ita nake gaisawa, da ita nake miƙa kuɗi. Na sha rankwashi a kan haka tun ina yaro kuma na gode wa iyayena. Amma yankan igiya da feƙe fensir ba su shiga wannan babin ba. A bar min hannun da Allah Ya ba ni in yi aiki da shi.

Af, kuma telolinmu, don Allah ku riƙa ninka bakin aljihun kaftani. Ƙarfen nan ya cinye min shadda biyu tun kafin Babbar Sallah, kuma telana cewa ya yi wai laifin mai wanki ne.