Ni da akori-kurar Baba a kan gada

Kun dai san motar, Peugeot 504 akori-kura ɗin nan ta marigayi Baba, haɗin Kaduna, wadda ta girmi matata. Laifinta ɗaya ne: da ta wuce tamanin sai ta hau kururuwa kamar injin markaɗe, mai kuwa kamar a rariya ake zuba shi. Bakanikena ya ce a aksul ɗin baya matsalar take. Ya kwance ya sa na ƙirga haƙoran giyoyi biyun da ke cikin aksul ɗin da yatsana, ƙaramin yana da 8, babban farantin 39. Wato sai farfela, sandar da ke kai juyin inji zuwa aksul, ta juya kusan sau biyar kafin taya ta juya sau ɗaya. Ya ce a sa mata na ƙaramar mota 504 salun, 9 da 35, juyi bai kai huɗu ba, inji ya huta. Muka sayo su a Ƙofar Ruwa, biyun tare don ba a raba su, ya yi kwana biyu yana shafa wa haƙoran fenti yana duba inda suke cizo. Ya dai ce, "Amma Alhaji za ta ɗan rage ƙarfi." Ni a lokacin lissafin rarar kuɗin mai nake yi.

A hanyar Zariya kam ta burge ni. Shiru kamar sabuwar amarya. Maleji na nuna tamanin, ina ta wuce motoci, Kawu a gefena yana ta salati. Ashe malejin daga giyabos yake karatu, ba wanda ya gaya masa an taɓa baya. Tamanin ɗinsa ɗari ce.

Ranar Alhamis na ɗauko buhu 18 na masara daga Dawanau. Abin da ya kai ni gadar sama ta Ƙofar Nasarawa, Allah kaɗai ya sani. Muna tsakiyar hawa cunkoso ya tsayar da mu. Da hanya ta buɗe na sa giya ɗaya, na taka totur, na ɗago kuloci a hankali. Ta yi kakari, ta girgiza, ta mutu. Na sake tayarwa. Wannan karon har ta yi kamar za ta tafi, na ce alhamdulillahi, sai na lura fitilar titi gaba take yi. Baya muke tafiya. Na danne birki da ƙafa biyu, ƙaurin kuloci ya cika motar, hon ta ko'ina. Wani mai Adaidaita ya raɓo, ya leƙo kansa cikin ladabi ya ce, "Baba, a kira mai amalanke?" Baba! Ni da ko furfura goma ban haɗa ba.

Shi ma dai na yafe masa. Wanda ban yafe wa ba shi ne ƙanin matata. Aikinsa ɗaya a motar nan, waigi. In ta tsaya a hawa ya dira ya cusa katako a bayan taya, shi ke nan. Ina ta ƙwala masa kira, na duba madubi, sai ga shi a tsaye jikin ƙarfen gada, waigi a hammata, waya a sama yana ɗaukar bidiyo, har da matsawa gefe don rana. Yaron da shekara uku yana cin tuwon gidana, kuma ba ya cin ɗumame sai da man shanu. Cajar da yake cika wayar da ita ma tawa ce, tun azumin bara nake nemanta. Da na kai ƙara wurin yayarsa, kallon bidiyon ta yi sau biyu, ta ce wai muryata ba ta fito sosai ba.

Buhu takwas muka sauke a kan gada kafin ta yarda ta hau, wasu 'yan dako suka caje ni kamar daga Legas suka ɗauko su.

Na koma wurin bakanike na ce a mayar mata da nata na asali. Ya sosa ƙeya, ya ce yaransa sun haɗa da tarkace sun sayar wa 'yan gwangwan. A kilo. Yanzu dai buhu goma nake ɗauka, in na hango gada kuma in bi ta ƙasa. Wanda ya san mai 8 da 39, ko a Panteka ne, ya yi min magana.