Ranar da na mayar da kwamfutata tandar masa

Wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Sakkwato ba sai an yi masa bayanin zafi ba. Rana takan haura digiri 40, ruwan randa ma kamar an sauke shi daga murhu. A wannan lokaci ne kwamfutar shagona da ke Mabera ta tsiro da sabon hali: da an yi azahar, ina tsakiyar buga wa ɗalibai takardu, sai ta hau gurnani, ta ɗauke ɗif. Manhajar auna zafi ta nuna mini 95.

Na tare ɗan kabu-kabu sai kasuwa, na sayo fanka uku masu milimita 120. Lissafina bai da wuya: mai jin zafi fifita ake yi masa. Na ɗaura biyu a gaba, ɗaya a sama. Ta bayan nan da ta zo da akwatin kwamfutar kuwa, da na ji tana fitar da iska waje, sai na ga ai asara ce, na kwance ta na juya. Duk huɗun suka koma hurawa ciki. Na mayar da akwatin jikin bango, na yi kwanan farin ciki.

Washegari ko hantsi ba ta kai ba.

Ɗan yayata, wanda bai gama ƙaramar sakandare ba, shi ya same ni ina yi mata fifita da kwali. Ya yago ɗan ƙyallen leda, ya riƙa kai shi bakin kowace fanka, kowacce kuma sai ta zuƙe shi ya manne.

"Kawu, ƙohwar shiga huɗu ka yi mata. Ta ina iskar ga za ta hita?"

Na ce masa ya iya bakinsa. Bai iya ba. Ya nuna mini 'yan kibiyoyi biyu a gefen fankar, ɗaya ta juyawa, ɗaya ta inda iska ke bi. Wallahi ni ado na ɗauke su. Ya ce na gaba su jawo mai sanyi, ta baya da ta sama su kori mai zafi, tunda iska mai zafi dama sama take yi. Ta bayan da na juya ashe dambe take da fankar kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kowacce na tura wa 'yar'uwarta zafi.

Da ya leƙa ciki sai ga ƙurar hunturun bara ta toshe haƙoran ƙarfen sanyayawa, ta yi kauri kamar bargo. Ya danne fukafukan da yatsa don kada su yi ta juyawa a banza, ya ce in busa. Na cika kumatu na busa, sanye da farar shaddata, ranar Juma'a.

Kwamfuta dai ta sauko 70, har la'asar ba ta yi tari ba. Ladan gyara kilishi ya nema, na saya masa har da ƙari bisa sharaɗin maganar ta tsaya a shago. Da daddare yayata ta kira ni, ina ɗauka ta ce, "Injiniya, ya aiki?"