Masanin harkar gidaje da jami'ar da ba ta iya jira

A watan Oktoban 2000 kotun tsarin mulki ta Afirka ta Kudu ta yanke hukunci a ƙarar neman matsuguni da wata mata mai suna Irene Grootboom da maƙwabtanta suka shigar. Kotun ta ce shirin gidaje na gwamnati ya saɓa wa sashe na 26 na kundin tsarin mulki, wanda ya shafi haƙƙin samun muhalli, domin bai tanadi komai ba ga waɗanda ke cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Malaman shari'a a faɗin duniya sun yi ta rubutu a kan hukuncin, har yau ana koyar da shi a aji. A 2008 matar ta rasu a ɗakinta na langa-langa a Wallacedene, kusa da Cape Town, ba ta samu gidan ba.

Duk matashin da ke tunanin zama malamin jami'a a fannin gidaje, tsarin birane da shari'a, ya kamata ya tsaya a kan shekaru 8 ɗin nan. Sharhi a kan hukunci ko sabuwar doka ana gama shi cikin 'yan watanni, a buga a mujalla, a ƙirga wa mutum ranar ƙarin girma. Sanin abin da dokar ta yi wa ɗan haya kuwa sai an bi sawunta shekara da shekaru. A ganina wannan na biyun shi ne ainihin aikin, kuma shi ne jami'a ba ta da haƙurin jira.

Tun farko ma mai wannan fanni jemage ne, ba ya cikin tsuntsu ba ya cikin dabba. A tsangayar shari'a za a ce ya cika yawo a unguwa, a sashen tattalin arziki a ce ina lissafinsa, masu tsara birane kuma su ce lauya ne. Alhali takardar tashi guda ɗaya da aka manna a ƙofa ta haɗa dukkansu: dokar haya, kuɗin ruwan banki, da dokar da ta hana gina bene a unguwar.

Ga abin da haƙuri ke haifarwa. A 2000 Hernando de Soto, masanin tattalin arziki ɗan Peru, ya yaɗa ra'ayin cewa idan aka ba talaka takardar mallakar filin da yake zaune a kai, zai jinginar da ita a banki ya samu jari. Gwamnatoci da hukumomin ba da lamuni suka yi na'am da maganar. Sai masana biyu 'yan Ajantina, Sebastian Galiani da Ernesto Schargrodsky, suka bi diddigin wata unguwa a gefen Buenos Aires da talakawa suka mamaye a 1981. Gwamnati ta yi dokar karɓe filin daga masu shi na asali ta biya su diyya, don ta ba mazaunan takardar mallaka. Wasu masu filin suka amsa, wasu suka garzaya kotu, don haka maƙwabta biyu masu hali ɗaya, wannan ya samu takarda wancan bai samu ba. Sakamakon da suka buga a 2010 ya nuna masu takarda sun fi gyara gidajensu, 'ya'yansu sun fi nisa a karatu. Amma bashin banki ɗan kaɗan ne ya ƙaru, abin da suke samu kuma bai sauya ba. Kusan shekara 30 ke nan daga mamayar zuwa amsar. Wane kwamitin ƙarin girma ne zai jira ko da rabin haka?

Shi ma Matthew Desmond, masanin zamantakewa, sai da ya tare a unguwannin talakawa na Milwaukee a Amurka daga 2008, yana zama a kotun haya yana kallon yadda mai gida ke zuwa da lauya, ɗan haya kuwa sau da yawa ko zuwa ba ya yi. Littafin da ya rubuta a kan haka ya ci kyautar Pulitzer, babbar kyautar marubuta a Amurka, a 2017, daga baya ya kafa cibiya a Jami'ar Princeton da ta tattara miliyoyin takardun kotu, saboda ƙasar ba ta da cikakken adadin mutanen da ake kora daga gidajen haya.

Akwai masu cewa malamin da ya daɗe a unguwa yakan rikiɗe ya zama ɗan gwagwarmaya, ya daina ganin abin da bai yi wa ɓangarensa daɗi ba. Wannan tsoro yana da tushe, kuma ana ganin irinsu. Sai dai maganinsa ƙarin bincike ne. A 2019 masana daga Jami'ar Stanford sun duba dokar ƙayyade kuɗin haya da birnin San Francisco ya faɗaɗa a 1994. Sun gano 'yan hayar da dokar ta shafa sun fi zama daram a gidajensu, amma masu gidajen sun rage waɗanda suke bayarwa haya da kashi 15 cikin 100. Babu ɓangaren da ya ji daɗin sakamakon gaba ɗaya, kuma sai da aka yi shekara 25 kafin a kai gare shi.

Gyaran yana hannun jami'o'i da masu ba da tallafin bincike. Tallafin shekara biyu ba ya isa bin sawun doka. A riƙa ƙirga tattara bayanan kotu, da shaidar da malami ya bayar gaban majalisa, da cibiyar taimakon shari'a da yake gudanarwa da ɗalibansa, a matsayin aikin ilimi mai maki, kamar yadda ake ƙirga maƙala a mujalla.