Wai me matar Walter White ta tsare muku ne?

Wanda bai kalli Breaking Bad ba, fim ɗin nan mai dogon zango na Amurka kan malamin makaranta Walter White da ya koma dafa ƙwaya, kuma yana da niyyar kallo, ya tsaya daga nan, don zan fasa ƙwai.

Daren jiya a majalisarmu aka sake tono tsohuwar gardama. Wani abokina ne ya gama kallon fim ɗin a makon nan, alhali tun 2013 aka kammala shi, ya zo da zafinsa yana cewa kaf cikin zango biyar ɗin nan babu wanda ya tsana kamar Skyler, matar Walter White. Ga Gus Fring, babban dillalin ƙwaya, da ya yanka yaron aikinsa da hannunsa a gaban mutane, ga Todd, wani yaron aikin Walter, da ya harbe ƙaramin yaro a daji ko gezau bai yi ba, duk ya tsallake su ya dira kan matar gida. Na ce laifinta fa? Ya ce mita ta yi mata yawa, kuma ba ta gane cewa don ita da 'ya'yanta bawan Allah yake wahala ba. Mutum huɗu suka gyaɗa kai.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne abokin nan nawa ba mai kallon sama-sama ba ne. Shi ya tuna mini cewa Walter ya koma yanke gefen burodi kafin ya ci, irin yadda wani dillalin ƙwaya, Krazy-8, yake so lokacin da yake ɗaure a ƙarƙashin gidan Jesse, abokin harkar Walter, kafin Walter ya shaƙe shi. Shi ya kawo zancen 'yar tsanar nan mai ido ɗaya da ake ta nuno mana a cikin kwamin wanka a zango na biyu, da yadda sunayen kashi huɗu na zangon, in ka jera su, suke ba da labarin jirgi samfurin 737 da zai faɗo a kan Albuquerque, garin su Walter. Mutumin da idonsa ya kama gefen burodi, ya aka yi ƙaryar da ta fi kowace girma a fim ɗin ta wuce shi?

Mu bi ta a hankali. Walter malamin sinadarai ne a makarantar sakandare, yana haɗawa da aiki a wurin wankin mota, ya cika shekara 50, matarsa na da ciki, ɗansa na da larura, sai likita ya ce yana da ciwon daji a huhu. Duk mai imani zai tausaya masa, ni ma na tausaya. To amma tun a kashi na biyar na zangon farko aka buɗe masa ƙofa. Tsohon abokinsa Elliott, wanda suka kafa kamfanin Gray Matter tare, ya yi masa tayin aiki mai inshorar lafiya. Da Walter ya ƙi, Elliott ya ce to zai biya kuɗin maganin baki ɗaya. Walter ya sake ƙi, ya koma dafa ƙwaya, daga baya kuma ya bar matarsa tana zaton Elliott ne ke biya. Magidancin da iyalinsa ne a gabansa haɗiye girman kai yake yi ya karɓa, ko da zai kwana yana cizon yatsa.

Sai lissafin da ya yi da bakinsa a farkon zango na biyu: dala 737,000 yake bukata, kuɗin karatun yara da na gida da na cefane, daga nan ya wanke hannu. Ya samu. Ya ninka ta. A ƙarshe sai da ya binne kusan dala miliyan 80 cikin ganguna a hamada. A zango na biyar aka yi masa tayin dala miliyan 5 ya sayar da kasonsa na harkar ƙwayar ya fita lafiya, ya ce a'a, kuma a nan ne ya faɗa wa Jesse abin da ke cin sa: ya sayar da kasonsa na Gray Matter a kan dala 5,000, yanzu kamfanin ya haura dala biliyan 2, kuma duk mako sai ya duba darajarsa. Duk mako, jama'a. Wannan ciwon ya girmi na huhun da shekaru.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai ma ba wurin harbi ba ne. Cin abincin dare ne a gidan Hank, mijin 'yar'uwar Skyler, jami'in hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka. Hank ya riga ya sakankance cewa Gale, mataimakin Walter wajen dafa ƙwaya wanda aka kashe, shi ne Heisenberg ɗin da yake nema, alhali sunan ɓoye ne na Walter, har yana yaba basirarsa. Magana ta mutu ke nan, Walter ya tsira, iyalinsa sun tsira. Abin da ya rage masa kawai ya ci abincinsa ya yi shiru. Sai ya sha ya yi tatul, ya buɗe baki ya ce shi a ganinsa rubutun Gale kwafe ne kawai, mai basirar na ainihi wataƙila yana nan yana yawo. Ya kasa jure a yaba wa wani da aikinsa, ko da wanin gawa ne. Washegari Hank ya sake jawo takardun binciken. Ku gaya mini wane ɗa ko wace mata aka yi wa wannan.

Ban ce Skyler waliyyiya ba ce. Ta sha taba da ciki, ta ci amanar aure da Ted, maigidanta a wurin aiki, ta kwashi fiye da dala 600,000 ta ba shi ya biya haraji ba da sanin mijinta ba, kuma ita ce ta zauna a wurin wankin mota tana wanke kuɗin haram. Duk a rubuta mata. Amma a ɗora a sikeli ɗaya da mutumin da ya tsaya yana kallon Jane, budurwar Jesse, tana shaƙewa da amanta har ta cika bai miƙa hannu ba, wanda ya sa wa yaro ƙarami guba don ya juya tunanin Jesse. Mafi yawan abin da ake kira mitarta tambaya ce: ina ka kwana, wayar nan ta biyu ta mece ce, kuɗin nan daga ina? Wace matar aure ce a Kano ko Zariya ba za ta yi waɗannan tambayoyin ba?

Kuma ba majalisarmu kaɗai ba ce. Tsanar ta kai har Anna Gunn, wadda ta fito a matsayin Skyler, ta yi rubutu a jaridar New York Times a Agustan 2013 kan yadda zagin ya tashi daga kan Skyler ya dawo kanta ita da kanta.

Ni ga yadda nake ganin abin. Masu fim ɗin sun zaunar da mu a kujerar Walter tun daga minti na farko. Mun ga ɗalibinsa yana yi masa dariya yana durƙushe yana goge tayar mota, mun ji zafin tare da shi. Daga nan duk wanda ya tare masa hanya, mu ya tare wa. Gus abokin gaba ne, amma yana ƙara wa kallo armashi. Ita kuwa Skyler in ta yi nasara fim ya ƙare, mu kuma ba mu so ya ƙare. Sai muka ɗauki haushin katse mana jin daɗi muka sa masa rigar nazari.

Shi ya sa nake ɗan dariya in na ga an duƙufa kan ƙananan alamu. An ce Marie, matar Hank, kullum cikin shunayya take, gaskiya ne. An ce sunan kashin ƙarshe, Felina, in ka rarraba shi alamomin sinadarai uku ne masu nufin jini da ƙwaya da hawaye. To, Allah ya ba da sa'a. Farautar irin waɗannan akwai daɗi, ni ma ina yi, har tsayar da hoto nake in koma baya. Sai dai ta fi sauƙi a kan mutum ya ce na yi kashi 62 ina goyon bayan azzalumi saboda na ga kaina a cikin takaicinsa.

Na tuna wa abokin nawa cewa a kashin ƙarshe Walter ya tsaya a gaban Skyler a ɗakin girki, ta tare shi kada ya sake ce mata don iyali ya yi, shi kuma ya amsa cewa don kansa ya yi, ya ji daɗin abin, kuma ya iya shi. Abokina ya yi shiru, ya kurɓi shayinsa, ya ce ai don ya kwantar mata da hankali ya faɗi haka. Mai laifi ya amsa laifinsa, lauya ya ce bai yarda ba. Na tura masa kashi na biyar na zango na huɗu a waya, na ce ya sake kallon cin abincin nan, mu haɗu gobe bayan isha'i.