Gaɓar kududdufin da ke bayan gidajenmu tana cin mu da rai

A shekarar da na tare a gidana, a wata unguwa da ke gefen garin Damagaram, taku ashirin ne tsakanin katangar bayan gidan da bakin kududdufi, kuma da ƙafata na auna su domin ina da niyyar kafa rumfar awaki a wurin. Da damanar da ta wuce ta ɗauke na sake aunawa, na samu taku bakwai. Sauran goma sha ukun sun gangara cikin ramin, wani sashe a hankali, wani kuma a dare guda da ƙara irin ta rushewar soro, suka tafi da bedin da na shuka da hannuna da kuma hanyar da yaran unguwa suke bi zuwa makarantar allo. A yanzu akwai wata tsaga da ta bi tsawon gaɓar, taku uku kacal daga katangata, wadda hannun babban mutum yake shiga cikinta har wuyan hannu. Duk wanda ya taɓa zama a bakin rami ya san cewa inda tsagar nan ta bi, nan ne sabon bakin kududdufin idan ruwan Agusta ya sauka.

Ina so a fahimci abu guda tun da farko, domin a kansa dukan ƙorafina ya tsaya: wannan gaɓa mutane ne suka yi ta. Kududdufi tsohon abu ne a kowane garin Hausa, daga cikinsa aka ɗebi ƙasar da aka gina gidaje da ganuwa, kuma magina na da suna haƙa shi da gangare mai sauƙi wanda jaki yake sauka ya hau da kaya. Namu ma haka yake, har zuwa lokacin da wani ɗan kwangila ya kawo katafila da manyan motoci ya kwashi ƙasa don cikon hanya. Ya yanke gefen da ke wajen gidajenmu a tsaye kamar bango, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu, ya gama aikinsa, ya kwashe injunansa ya tafi. A kan idonmu ake karɓar kuɗi a kan kowace mota da ta fita da ƙasa, ana ba direba takarda. Wanda ya karɓi kuɗin nan ya san da ramin, wanda ya ba da izinin haƙa ya san da shi, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya tilasta wa mai haƙar ya kwantar da gaɓar kafin ya tafi, alhali katafilar tana wurin kuma aikin bai fi na 'yan kwanaki ba.

Ƙasar da aka yanke a tsaye tana yaudarar ido da rani, domin idan ta bushe takan yi tauri har mutum ya ɗauka dutse ce. Ruwan da Damagaram take samu a shekara bai cika kai milimita 500 ba, amma mafi yawansa a Yuli da Agusta yake zuba, wani lokaci rabon makonni ya sauka cikin sa'o'i biyu. Garin kuma a kan dutse yake zaune, irin wanda ake gani ya ɓullo a tsakiyar Birni, shi ya sa ruwan sha yake mana wuya har sai an janyo shi daga Gogo da Arunguza da Ganaram, kuma shi ya sa ruwan sama ba ya nitsewa da nisa, sai ya bi lunguna da gudu yana neman gangare. Ruwan kwanon rufi da na indararo na gidaje masu yawa a bakin kududdufinmu yake taruwa. Wani ya zuba ta saman gaɓar yana sassaƙa ta, wani ya shige ta tsagogi ya jiƙa cikinta, ƙasar ta yi nauyi, danƙon da ke riƙe da ita ya saki. A ƙasa kuma ruwan da ya taru a ramin yana lasar gindin gaɓar yana rarake shi, har saman ya zama ba abin da ya tokare shi. Daga nan ba a bukatar wani babban hadari, yayyafin asuba ma ya isa ya ture ta.

Haka ta faru da maƙwabciyata, tsohuwa mai riƙon jikoki huɗu. Da tsakar dare gaɓar ta zame da makewayinta da rabin katangarta, ɗakin da yaran suke kwance ya tsage daga tushe har sama. Muka fito da fitilu muka kwashe su cikin ruwa zuwa zaurena. Da gari ya waye na same ta tsaye tana kallon wurin da makewayin yake a da, na ce mata, “Inna, ki dawo daga bakin nan, ƙasar ba ta gama tafiya ba.” Ta ce, “Ɗan nan, in na dawo ina za ni? Nan mijina ya bar ni.” Ban sami abin da zan ce mata ba, kuma har yau idan na tuna tsayuwarta a wurin sai raina ya ɓaci, domin matar nan ba ta haƙa rami ba, ba ta sayar da ƙasa ba, ba ta karɓi ko dala ba, amma ita ce take biyan bashin da wasu suka ci.

Mun bi hanyar da ake cewa a bi. Mun je wurin mai unguwa, ya karɓe mu da mutunci, ya raka mu da kansa. Mun rubuta takarda da sa hannun magidanta, muka kai ofishin da muke zaton alhakin yana wuyansa. A can aka ce mana ramin ɗibar ƙasa ba huruminsu ba ne, mu je wani ofishin. A na biyun aka ce tunda aikin hanya ne ya haifar da shi, sai mu nemi masu hanya. Masu hanya suka ce an karɓi aikin tun da daɗewa, an rufe takardunsa. Na ce wa jami'in da ya gaya mana haka, “Ranka ya daɗe, an rufe takardu, ramin kuwa yana nan buɗe, yanzu na wane ne?” Ya ce mu yi haƙuri, za a turo masu dubawa. Sun zo sau ɗaya, bayan katangar Inna ta riga ta faɗi, suka ɗauki hotuna da waya, suka rubuta sunaye. Bayan makonni aka kawo buhun hatsi da tabarmi da bargo. Ba na raina taimako, wanda ya kwana a zauren wani ya san darajar tabarma. Amma ina tambaya da babbar murya: me ya sa ake da kuɗin tabarma bayan rushewa kowace shekara, ba a da kuɗin hana rushewar sau ɗaya?

Da muka gaji, sai muka yi karo-karo muka ɗauki magini ya ja katangar bulo da siminti a gindin gaɓar. Ba mu san cewa katangar da za ta tare ƙasa tana bukatar ƙofofin da ruwa zai riƙa tsiyaya ta cikinsu da tsakuwa a bayanta ba, shi ma maginin ɗakuna ya saba ginawa. Ruwa ya taru a bayanta, damana ɗaya ta kwantar da ita, kuɗin marayu da na masu ƙaramin ƙarfi ya bi ruwa. Da injiniya ɗaya ya zo ya tsaya da mu na rabin sa'a, da wannan asara ba ta same mu ba. Yanzu abin da mutane suka koma yi shi ne zuba shara a bakin gaɓar da sunan ciko, har ana roƙon masu amalanke su juye a nan. Shara ba ta riƙe ƙasa. Leda da tsumma da toka suna shan ruwa su yi nauyi, su ruɓe su bar kogo, sa'an nan su zame gaba ɗaya. A Addis Ababa, a watan Maris na 2017, tsibin sharar Koshe ya zaftare ya kashe sama da mutum 100, a Kampala kuma na Kiteezi ya binne gidaje a Agustan 2024, mutum sama da 30 suka mutu. Namu bai kai nasu girma ba, amma yaron da zai danne ba ya bukatar tsauni.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake rufe bakinmu da kalmar ƙaddara. Ni Musulmi ne, na yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, amma an umarce mu da mu ɗaure raƙumi sa'an nan mu yi tawakkali. Damanar 2024 ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, ta shafi sama da miliyan 1.5, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, kuma a farkon Satumbar shekarar tsohon masallacin Birni, wanda yake tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe muna ji muna gani. Wannan ruwa ba wanda ya isa ya hana shi sauka. Ramin da aka yanke a tsaye a bayan gidajen mutane kuwa da hannu aka yi shi, kamar ramukan zinariyar Ɗan Isa a jihar Maraɗi da suka rufta a Nuwamban 2021 suka kashe aƙalla mutum 18. Wanda ya haɗa waɗannan biyu ya kira su da suna ɗaya yana neman mafaka ne daga tambayar da ya kamata ya amsa.

Akwai inda aka amsa tambayar. Hong Kong gari ne da aka gina a jikin tsaunuka, aka yayyanka gangare aka yi ciko domin hanyoyi da gidaje. Ranar 18 ga Yunin 1972 cikon da ke Sau Mau Ping ya zame ya kashe mutum 71, a ranar kuma wata zaftarewar a titin Po Shan ta kashe 67. A 1976 wani cikon a Sau Mau Ping ɗin ya sake kashe 18, bincike ya nuna ba a daddaɓe ƙasar yadda ya kamata ba lokacin da aka zuba ta. A 1977 gwamnati ta kafa ofishi na musamman domin gangaren da mutane suka yi. Suka bi su ɗaya bayan ɗaya suka rubuta, har rajistar ta kai kimanin 60,000, aka ba kowanne lamba, aka kafa masa allo, aka bayyana wanda alhakin kula da shi yake kansa, ko hukuma ko mai fili. Suna fara gyara da wanda ya fi barazana ga rayuka, kuma a tsarin da suka fara a 2010 sun riƙa ƙarfafa kimanin 150 na gwamnati a kowace shekara. Na san mai karatu zai ce ina Damagaram ina Hong Kong, kuma gaskiya ne ba mu da kuɗin soka sandunan ƙarfe cikin gangare ana ɗura musu siminti kamar yadda suke yi. Amma matakinsu na farko littafi ne da alƙalami da mutumin da zai zagaya. Ramukan garinmu ba su kai 60,000 ba, masu unguwanni sun san su duka da ka, mako biyu ya isa a rubuta su a kuma rubuta sunan mai alhakin kowanne. Rashin wannan sunan ne ya sa muka yi ta yawo tsakanin ofisoshi uku.

Gyaran kansa ma ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1984 aka fara aikin Keita a jihar Tawa, inda mutanen karkara, galibinsu mata, suka ɗauki duwatsu a ka suka tare ƙoramu da kwazazzabai da ragar waya cike da dutse. Abin da gaɓarmu take bukata bai wuce irin wannan ba. A kwantar da ita ta daina tsayuwa kamar bango, a yi mata hawa-hawa, duk cikon da za a yi a zuba shi kaɗan-kaɗan ana daddaɓewa. A ja lambatu a samanta wanda zai tare ruwan lunguna ya kai shi wuri guda da aka shimfiɗe da dutse har ƙasa, a jera ragar duwatsu a gindinta, domin ita tana barin ruwa ya wuce ta riƙe ƙasa, sa'an nan a dasa jema da gamba a jikinta, a kewaye bakin da aguwa saboda yara da dabbobi. Dutse kuwa, in akwai abin da Allah ya wadata Damagaram da shi, to shi ne, ga kuma matasa da mata da suke fasa shi da guduma a bakin gari suna neman mai saye.

Ba zan wanke unguwarmu ba. A cikinmu akwai masu zuwa da asuba su ƙwaƙule gindin gaɓar su cika amalanke su sayar wa masu tubali, sun kuma san gidan wa yake sama. Akwai masu sako ruwan wanka da na wanki ta bayan katanga kai tsaye a kan gaɓar, rani da damana. Akwai wanda ya yanka fili a bakin ramin ya sayar wa baƙon da bai san wurin ba. Mun yi magana a masallaci, mun yi a gaban mai unguwa, amma talaka ba ya iya hana talaka ɗan'uwansa abin da yake ci da shi in babu hukuma a bayansa, ba kuma za a hana su ba sai an nuna musu wani wurin ɗiba nesa da gidaje.

Ina kira ga duk wanda ramukan garin nan suke ƙarƙashin ikonsa da ya turo injiniya yanzu, da rani, lokacin da ramin ya ƙafe kuma katafila za ta iya shiga, ya duba tsagar da ke bayan gidajenmu ya gaya mana a rubuce ko mu zauna ko mu tashi, in tashi ne kuma a nuna mana inda za mu. Ina kira da kada a sake biyan ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe sai ya kwantar da ramin da ya haƙa, kuma kuɗin da ake karɓa a kan motocin ƙasa a ware wani abu daga ciki domin wannan aiki. Mu magidantan unguwa mun amince za mu ba da hannu, za mu ɗauki dutse, za mu yi dashe mu yi ban ruwa. Kwafin takardarmu mai ɗauke da hatimin karɓa yana wurina. Inna da jikokinta har yanzu a ɗakin nan mai tsaga suke kwana, ni kuma na mayar da yarana ɗakin da ke wajen ƙofar gida, kuma daga yau zuwa saukar ruwan fari watanni kaɗan ne suka rage.