Ku daina zagin kamfanin waya, ku tambayi mai katafila

Sabis ya sake ɗaukewa wuni guda, masu POS sun zauna suna kallon na'ura, kowa ya hau zagin kamfanin waya. Wallahi zagin nan ya kauce hanya. Ɗan kwangilar da ke haƙa magudanar ruwa ne ya sa katafila ta tsinke wayar fiber, kuma gobe ma zai sake, tunda ba wanda zai ce masa uffan.

Intanet ɗin da ke wayarka a ƙarƙashin ƙasa take tafiya. Manyan wayoyin teku irin su MainOne da WACS a Legas suke sauka, daga can a ja waya ta gefen titi kusan kilomita 1,000 kafin ta iso Kano. Cikinta zaren gilashi ne siriri kamar gashin kai, guda 24 ko 48 ko 96, a cikin bututun roba, a zurfin wajen mita ɗaya, da kirtanin gargaɗi a samansa. Bakin katafila sau ɗaya ya isa. Sai injiniyoyi su harba haske a cikin wayar da na'urar OTDR don su gano a mita na nawa ta yanke, su tono, su liƙa zaren nan ɗaya bayan ɗaya da injin narkarwa. Aikin sa'o'i ne, kuma kowane liƙi yana ɗan rage ƙarfin hasken. Wayar da aka yi wa faci goma ba za ta koma yadda take ba.

Za a ce ai kamfanonin sun samu ƙarin kashi 50 a kan kuɗin kira da data a 2025, su gyara. Su gyara mana, amma kuɗin da ya kamata ya kai sabis ƙauye ana ta kashe shi wajen ɗinkin abin da aka riga aka shimfiɗa. Za a ce su ja waya ta biyu. Suna ja, sai dai in duka biyun gefen titi ɗaya suka bi, katafila ɗaya ce ajalinsu.

Tun 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta kare. To a aiwatar! Kafin a fara haƙa, ma'aikatar ayyuka ta kira kamfanoni su nuna inda wayarsu ta bi, a kafa alama, a tono wurin da hannu. Wanda ya tsinke bayan haka a cire kuɗin gyara daga kwangilarsa.

Ku kuma 'yan jari-bola masu tono wayar da dare, don Allah ku ji: babu jan ƙarfe a ciki. Gilashi ne da roba, ko an ɗora a sikeli ba mai ba ku ko naira goma.