Awa ɗayan farko a bar jariri a ƙirjin uwarsa

Ungozomomi da masu zaman jiran haihuwa, don Allah ku saurare ni. Jaririn da ya faɗo ya tsanyara kuka, bai da wurin da ya fi ƙirjin uwarsa, fata da fata, ba riga ba zane a tsakani. Awon nauyi da wanka duk za su iya jira.

Da ya fito a tsane shi sosai da busasshen tawul, har kai, sannan a janye jiƙaƙƙen. Nan ake yawan kuskure: a bar masa tawul mai laima, zafin jikinsa ya yi ta tafiya. Jariri ba ya rawar sanyi kamar babba, sai dai ya ƙona kitse da sukarin jikinsa, ya yi laushi ya kasa tsotso. Ana son zafinsa ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. A kwantar da shi rub da ciki tsakanin nonuwa, a sa masa hula, a lulluɓe su tare. Cibiya kuwa a dakata minti 1 zuwa 3 kafin a ɗaure.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar su haka aƙalla awa ɗaya ba katsewa, wanka sai bayan awa 24. Ku zuba ido ku ga ikon Allah: zai huta, ya fara lasar hannu, ya dinga tura ƙafa yana jan ciki har ya laluba kan nono ya kama dakashi da kansa. Kada a tura masa nono da ƙarfi. Tsotson nan yana sa mahaifa ta tsuke, zubar jini ya ragu.

Amma fa ba a ɗora shi a juya baya. Mai jego a gajiye take, barci na iya sace ta, hancin yaro ya nutse cikin nono. A kishingiɗar da ita, a juya fuskarsa gefe, hanci da baki a fili, wani ya zauna yana duban numfashi da launin leɓensa. Wanda bai yi numfashi ba bayan an tsane shi, taimakon numfashi ne farko, cikin minti ɗaya. In tiyata aka yi uwa ba ta farfaɗo ba, uba ya cire riga ya karɓe shi.